Amurka ta ƙirga 'yan Latino, mu wa zai ƙirga 'yan ci-raninmu?

Da zarar an gama ɗaure dammunan gero an shigar da su rumbu a ƙasar Adar da Gobir, sai tashoshin mota su cika maƙil. Daga Bangi da Madawa, daga Buza da Keita, samari da magidanta kowa ya ɗaure 'yan komatsansa, wani ya nufi Legas, wani Abijan, wani Akara ko Kumashi, wani kuma ya yi arewa ya bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Wasu na kiran abin ci-rani, mu a nan mun fi saninsa da biɗa. Kafin sanyi ya kankama, akwai ƙauyukan da idan aka yi rasuwa sai an haɗa da tsofaffi da yara kafin a samu masu haƙa kabari. Wannan ba labari ba ne ga kowa a Jihar Tawa. Abin da zai zama labari shi ne a samu jami'i guda, a Madawa ko a Tawa ko a Yamai, wanda zai buɗe littafi ya ce ga sunayen mutanen Bangi da suka fita bana, ga inda kowa yake, ga waɗanda suka dawo, ga kuma waɗanda aka daina jin ɗuriyarsu.

Abin da ya sa muka taso da wannan magana shi ne labarin wasu mutane da ke can nesa da mu, a ƙasar Amurka, waɗanda ake kira 'yan Latino. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Ba'adare da su? To, a yi haƙuri a biyo mu, domin kuwa duk wanda ya taɓa sayar da shayi a bakin titin Legas, ko ya yi dakon albasa a Akara, idan ya ji labarinsu zai ga kamar nasa ake ba shi.

'Yan Latino dai su ne mutanen da asalinsu ya fito daga ƙasashen da ke kudu da Amurka, irin su Meziko da Kuba da El Salvador da Gwatamala da Honduras da tsibirin Puerto Rico, waɗanda akasarinsu harshen Sifaniyanci ne harshen gidansu. A 1970 ba su kai miliyan 10 ba. Ƙidayar 1980 ta same su miliyan 14 da rabi, ta 2000 ta same su miliyan 35, ta 2010 miliyan 50, ta 2020 kuwa miliyan 62, wato kusan kashi 19 cikin 100 na mutanen ƙasar. Ƙiyasin hukumar ƙidaya na 2024 ya kai su miliyan 68, ke nan a cikin kowane mutum biyar a Amurka ɗaya ɗan Latino ne. Tun 2003 aka ba da sanarwar cewa sun zarce baƙaƙen fata yawa. A Jihar Kalifoniya sun fi Turawa yawa tun 2014, kuma daga baya Jihar Teksas ma ta bi sahu. Fiye da rabinsu 'yan asalin Meziko ne. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma shi ne, kusan kashi biyu cikin uku nasu a cikin Amurka aka haife su, kuma huɗu cikin biyar 'yan ƙasa ne cikakku. Hasali ma akwai waɗanda kakanninsu ba su taɓa tsallaka iyaka ba. Suna zaune a garuruwansu aka yi yaƙi, Meziko ta sha kashi, yarjejeniyar 1848 ta miƙa Kalifoniya da maƙwabtanta ga Amurka, suka wayi gari baƙi a ƙasar iyayensu. Bagobirin Bangi da ke da dangi a Sabon Birni ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, tunda shi ma Ingila da Faransa ne suka zauna a farkon ƙarni na 20 suka ja layi tsakaninsa da ɗan'uwansa.

To, waɗannan alƙaluma da muka jero ba daga sama suka faɗo ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kafin shekarun 1970 gwamnatin Amurka ba ta da wani suna guda da take tara waɗannan mutane a ƙarƙashinsa. Ɗan Meziko a takardar ƙidaya Bature ne, alhali a gona da makaranta da asibiti ba a ɗauke shi Bature ba. Talaucinsa da rashin karatun 'ya'yansa sai su narke a cikin alƙaluman Turawa, babu mai gani. Shugabanninsu suka ga cewa duk ƙorafin da suka kai, tambayar farko da ake yi musu ita ce: ku nawa ne? Sai suka mai da hankali a kan wannan tambaya. A 1976 wani ɗan majalisarsu daga birnin Los Angeles mai suna Edward Roybal ya jagoranci kafa dokar da ta tilasta wa hukumomin tarayya tattara bayanai a kansu, kuma a ƙidayar 1980 aka fara tambayar kowane gida a ƙasar ko mutanensa 'yan wannan asali ne. Daga nan komai ya sauya, saboda a Amurka da sakamakon ƙidaya ake raba kujerun majalisa, da shi ake raba kuɗin makarantu da asibitoci, da shi kuma gidajen talabijin masu magana da Sifaniyanci irin su Univision suke nuna wa kamfanoni yawan masu kallonsu su karɓi talla. A 2009 wata 'yar asalin Puerto Rico, Sonia Sotomayor, ta zama alƙaliya a Kotun Ƙoli. A zaɓen 2024 'yan Latino miliyan 36 ne suka cancanci jefa ƙuri'a, kuma manyan jam'iyyun biyu kowacce sai da ta yi ta lallashinsu da harshensu. A 2025 ɗan wasu 'yan ci-rani daga Kuba, Marco Rubio, ya zama sakataren harkokin waje. Kuma duk da haka ba su daina sa ido ba. Da hukumar ƙidaya ta amsa da bakinta cewa a 2020 ta tsallake kusan kashi 5 cikin 100 nasu, sai da ƙungiyoyinsu suka tayar da jijiyar wuya.

Kada mai karatu ya ɗauka wai su ɗin tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya. Attajirin Kuba da ke Miami da leburan Meziko da ke tsinkar inabi a Kalifoniya, in ban da harshe babu abin da ya haɗa su, kuma binciken cibiyar Pew ya nuna kusan rabinsu sun fi son a kira su da sunan ƙasar asalinsu. A zaɓen 2024 ma kusan rabin waɗanda suka yi zaɓe a cikinsu Donald Trump suka zaɓa. Wannan hali mun san shi. A Abijan, da Ba'adare da Bagobiri da Buzu, wani lokaci har da Bazabarme, duk sunansu Hausa. A Legas duk sunansu aboki, kuma wanda ya zauna can ya san ba kullum ne kalmar ke nufin abota ba. Ranar da rikici ya tashi, kamar wanda aka yi a kasuwar Mile 12 ta Legas a 2016, ko a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, babu mai tsayawa ya tambaye ka ko daga Buza kake ko daga Sakkwato. Bambancin kawai shi ne, su 'yan Latino sun karɓi sunan tarkon da aka jefa su ciki sun mai da shi adadi, adadin kuma ya zama kujeru da kuɗi. Mu kuwa namu sunan yana nan a bakin mutane, ana kiranmu da shi idan ana son ruwa ko yankan farce.

Bari mu ɗan tsaya a Abijan, domin akwai abin dubawa a can. Abincin da ya fi kowane farin jini a wurin talakan birnin, ɗalibi da lebura da direban tasi, shi ne wanda ake kira garba: turaren garin rogo da soyayyen kifin tuna, a yanka albasa da barkono a kai. Sunan kuwa na mutanenmu ne, domin 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi a 'yan rumfuna a kowace unguwa, daga Ajame zuwa Abobo. Albasar da ake yankawa a kai ma ba mamaki daga fadamun Madawa ko Galmi aka yi lodinta. Wato dai birni mai mutane miliyoyi yana karya kumallo da sunan Garba. Amma shi Garban da ke tsaye gaban kaskon mai tun asuba, wanda ya bar mata da 'ya'ya a wani ƙauye na Keita, a wane littafi sunansa yake? Ƙidayar Kodebuwa ta 2021 ta ce kashi 22 cikin 100 na mazauna ƙasar baƙi ne. Su masu masaukin sun ƙirga, don amfanin kansu. Mu da muka haife shi, muke kuma cin guminsa, ba mu rubuta ko ranar da ya tafi ba.

Idan aka dubi rayuwar yau da kullum, kamannin sun fi fitowa. Ɗan Latino shi ne magini, shi ne mai aikin gona, shi ne mai fiɗa a mayanka, matarsa ce mai share otal da renon 'ya'yan wasu. Mutum shida ko takwas su haɗu a ɗaki guda don a rage kuɗin haya, a ci abin da ya samu, a tura saura gida. A 2024 kaɗai kuɗin da aka aika Meziko daga waje ya haura Dala biliyan 64, kuma kusan dukkansa daga Amurka ya fito. Namu kuma su ne 'yan ga-ruwa, masu shayi, masu gadi, masu wankin takalma, masu tsire, 'yan kabu-kabu da masu tura baro, kuma duk wanda ya ga layin mata da tsofaffi a ƙofar ofisoshin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana a lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ya san wa ke riƙe da gidajenmu. Kuɗin biɗa ne ke sayen buhun masara a watan Yuni, shi ke biyan sadaki, shi ke sa kwano a rufin ɗaki, shi ke sayen injin ban-ruwa na lambun albasa.

Sai dai inda hanya ta rabu shi ne ranar mutuwa. A daren 26 ga Maris, 2024 wani jirgin ruwa ya daki wata gada a birnin Baltimore ta rufta, leburori shida da ke cike ramukan titi a kanta suka rasu. Cikin 'yan kwanaki duniya ta san sunayensu, ta san cewa daga Meziko da Gwatamala da Honduras da El Salvador suka fito, ofisoshin jakadancin ƙasashensu suka tsaya a kan gawarwakin da iyalan. A watan Yunin 2022 mutum 53 suka mutu saboda zafi a cikin wata tirela a San Antonio. An gano su ɗaya bayan ɗaya, aka mai da gawarwaki gida, aka kama masu safarar, a 2025 aka yanke wa ɗaya daga cikin jagororinsu ɗaurin rai da rai. Mu ma muna da irin wannan rana. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yara 52 da mata 33 da maza 7, akasarinsu daga yankin Kance na Jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Gwamnati ta yi zaman makoki na kwana uku. Waɗannan an ƙirga su ne saboda an ga gawarwakinsu. Wanda rairayi ya binne tsakanin Dirku da Sabha fa? Wanda ke tsare a wani gida a Libiya ana buga wa iyayensa waya a ce su sayar da gona su aiko da kuɗin fansa fa? Waɗanda ake saukewa a wurin da ake kira Point Zéro su taka kilomita 15 a ƙasa zuwa Asamaka, su hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, tana rubuta su, kamar yadda take ƙirga masu wucewa a Arlit da Segedin tun 2016, da kuma Tawa daga baya. To amma wannan ƙirgen kawuna ne a kan hanya, kuma kowa ya san cewa abin da ya fi damun masu ba da kuɗin aikin shi ne mutum nawa suka doshi Turai. Ba shi ne zai gaya wa wata baiwar Allah a Bangi ko mijinta na raye ba.

Wannan matar ita ce ta fi kowa cutuwa da rashin littafin nan. Shekara uku, huɗu, biyar babu aike babu waya. Ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba, ba ta yi takaba ba, ba a raba gado ba, gona tana hannun 'yan'uwan miji, in ta je gaban alƙali ko malamai abin da za a fara nema shi ne shaidar inda mijin ya nufa da ranar da aka ji shi na ƙarshe. Kuma kada a manta, matan nan su ne suka riƙe ƙasar. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, akasarin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a kan tsaunuka suka dasa itatuwa don a ba su abinci, mata ne, saboda mazan suna biɗa. Turawan aikin sun auna kowace kadada, sun ƙirga kowace bishiya. Mazan da rashinsu ya sa mata fasa dutse kuwa, har yau lissafinsu na baka ne.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce baƙon da ba shi da takarda, rufin asirinsa shi ne kada a san da shi, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tarihi yana bayansu. A ranar 18 ga Nuwamba, 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice, kuma dattawanmu da suka baro shaguna da gidaje a Kumashi suna nan suna ba da labari. A watan Janairun 1983 Nijeriya a zamanin Shagari ta yi irin wannan kora, aka sake a 1985, kuma duk da cewa sunan Gana ne ya fita a bakin duniya, 'yan Nijar da yawa sun sha wannan ɗaci. Kodebuwa ta ƙaƙaba katin zama a 1990, wanda ya zama abin tatsar baƙi a kowane shinge har sai da aka soke shi a 2007. A 2011 yaƙin Libiya da rikicin zaɓen Kodebuwa suka haɗu suka koro mana dubun dubatar mutane hannu rabbana, a shekarar da damina ma ba ta yi kyau ba. Su kansu 'yan Latino yawansu bai hana su ganin tasku ba. An kore su da yawa a shekarun 1930, aka dawo aka ɗebo su aikin gona daga 1942 zuwa 1964 da aka ga ana buƙatarsu, aka kuma yi wata korar a tsakiyar wannan lokaci, a 1954. A 2025 jami'an shige da fice sun yi ta kamen mutane a wuraren wankin mota da bakin shagunan kayan gini a Los Angeles, kuma a watan Satumba Kotun Ƙoli ta ba su damar ci gaba da tsayar da mutum bisa la'akari da kamanninsa da harshensa da irin aikinsa. A wannan shekarar ce kuma hukumar haraji ta ƙulla yarjejeniyar ba jami'an kamen bayanan mutanen da suka yi ta biyan haraji da hannunsu ba tare da takardar zama ba. Wato littafin da mutum ya rubuta sunansa don nuna gaskiyarsa, shi aka juya aka nemi farautarsa da shi.

Duk mun yarda da wannan. Amma a ganinmu abin da yake koyarwa shi ne a lura da hannun da littafin yake ciki. Mu ba mu ce ɗan ci-rani ya je ya kai kansa ofishin 'yan sandan wata ƙasa ba. Cewa muka yi gida ya san da shi. A duba abin da Meziko ta yi. Tana da ƙananan ofisoshin jakadanci fiye da 50 a cikin Amurka, suna ba duk ɗan ƙasarsu katin shaida ba tare da tambayar ko da izini ya shigo ba, kuma bankuna da hukumomin birane da yawa suna karɓar katin. Idan aka kama mutum, akwai lambar da iyalinsa za su kira, akwai lauya. Tun 2006 'yan Meziko da ke waje suke zaɓen shugaban ƙasarsu. Daga 2002 kuma, har kusan shekara 18, gwamnatin tarayyarsu ta gudanar da wani shiri da ya samo asali daga Jihar Zacatecas, inda duk Dala ɗaya da ƙungiyar 'yan wani gari da ke Amurka ta tara don aikin garinsu, gwamnatin tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma kowacce za ta ɗora Dala ɗaya a kai. Da haka aka yi tituna da famfuna da azuzuwa a ƙauyukan da samarinsu suka watse. Ba don tausayi Meziko ta yi haka ba, ta yi lissafi ne ta ga inda abincinta yake fitowa.

Mu ma ba daga sifiri za mu fara ba. Babu zangon da ba shi da sarki, babu garin da 'yan Buza ko 'yan Madawa suka taru da ba su da shugaba da ma'aji da littafin karo-karo, wanda da shi ake yi wa mamaci sutura, a biya wa marar lafiya kuɗin mota zuwa gida, a aiko da gudunmawar masallaci ko rijiya. A gida kuma mai gari ya san kowane gida, tunda idan lokacin haraji ya zo ba a mantawa da wanda ke Abijan, ana karɓa a hannun mahaifinsa ko matarsa. Abin mamaki, mutum yana cikin lissafi ranar biya, ba ya ciki ranar da ya ɓata. Abin da ya rage kawai shi ne a haɗa littafin mai gari da na sarkin zango, ƙaramar hukuma ta riƙe kwafi: suna, ƙauye, inda aka nufa, lambar waya, da sunan wanda za a nema a can. Wannan bai kai kuɗin taron bita guda a otal ɗin Yamai ba.

A matakin ƙasa, an taɓa ɗaukar hanya. An kira 'yan Nijar mazauna waje jiha ta tara, aka ware musu kujeru 5 daga cikin 171 na majalisar dokoki a zaɓen 2016. A zaɓen 2020 ba su samu yin zaɓe ba saboda ba a kammala yi musu rajista ba, sai a watan Yunin 2023 aka cike kujerun, bayan 'yan makonni kuma juyin mulkin 26 ga Yuli ya rushe majalisar baki ɗaya. Ko a lokacin da kujerun ke nan, a gaskiya sun fi amfanar manyan 'yan kasuwa da 'yan boko, domin mai tura baro a Agege ba shi da katin da zai yi rajista da shi. Yanzu kuwa buƙatar ta fi ta da. Tun ranar 29 ga Janairu, 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS ko CEDEAO, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ce ta ba talakanmu damar shiga Gana da Kodebuwa da Nijeriya ba tare da biza ba. A lokacin ƙungiyar ta ce za a ci gaba da zirga-zirga kamar da, har sai abin da hali ya yi. Ba mu shiga gardamar ko ficewar daidai ce ko kuskure ba, wannan magana ce ta wata rana. Abin da muke cewa shi ne, duk wanda zai zauna teburin tattaunawa a madadin Nijar kan makomar mutanenta a waɗannan ƙasashe, tambayar da aka yi wa 'yan Latino shekara 50 da suka wuce ita za a yi masa, kuma bai kamata ya tsaya yana ƙiyasi ba.

Sannan ga 'ya'yan da aka haifa a can. Abin da ya ba 'yan Latino gindin zama shi ne tsarin mulkin Amurka, wanda tun 1868 ya ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, kuma da Trump ya sa hannu a kan umarnin sauya wannan a watan Janairun 2025, nan take maganar ta tafi kotu. A Kodebuwa ba haka abin yake ba, tun gyaran dokar 1972 haihuwa a ƙasar ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa. Yaron da aka haifa a Abobo, uban bai kai sunansa ofishin jakadancin Nijar ba, bai kuma yi masa takarda a gida ba, zai girma ne ba shi nan ba shi can. Sai ranar jarrabawa, ko ranar da aka tare motarsu a kan iyaka, sannan a gane. Harshe kam ba mu da fargaba a kansa kamar su, domin a cikin jikokin 'yan Latino kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke iya hira da Sifaniyanci, alhali a Nima da Sabon Zango na Akara har waɗanda ba Hausawa ba da Hausa suke ciniki. Takarda ce matsalarmu, kuma dokar Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60 ne a kai rahoton haihuwa, wanda ya wuce haka sai ya bi ta hannun alƙali.

Mutanen Bangi sun ga amfanin rajista da idonsu. A watan Nuwamban 2021, da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Jihar Sakkwato, mutum 11,500 suka tsallako suka sauka a ƙauyuka 26 na ƙaramar hukumar, bayan wasu 3,500 da suka riga su zuwa tun watan Satumba. Talakawan Bangi suka buɗe musu gidaje, suka raba abin da ke rumbu da su, Allah Ya saka musu da alheri. Mun san waɗannan alƙaluma ne saboda hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zo ta rubuta, kuma da rubutun aka nemo abinci da magani da rumfuna. Yawancin gidajen da suka karɓi baƙin nan kuwa, a daidai wannan wata masu su suna ɗaure kaya ne za su tafi zama baƙi a wani wuri.

Ƙidayar 2012 ta ce gundumomin Madawa da Buza da Keita sun haura mutum miliyan 1 da dubu 300, a cikin miliyan 3 da dubu 300 na Jihar Tawa. Amma a tuna a watan Disamba aka yi ta, lokacin da motoci suka riga suka kwashe mazan. Wadda ya kamata ta biyo bayanta a 2022 kuma ba a yi ta a kan lokaci ba. Muna kira ga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da cewa duk ƙidayar da za a yi nan gaba, a tambayi kowane gida mutum nawa ne nasa ke waje, a wace ƙasa, tun yaushe, kuma a buga sakamakon ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma yadda kowa zai gani. Su kuma alƙalan da ke zagayawa ƙauyuka don ba da takardun haihuwa, da masu yin katin ɗan ƙasa, a daina turo su a tsakiyar rani. A turo su tsakanin Agusta da Oktoba, daga noman ƙarshe zuwa girbi, lokacin da masu biɗa suke gida.